Zan zaga Jidda da ƙafa, kwana uku da jaka a baya: ta ina zan fara?

Dalibin_Madina:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shekarata uku ina karatu a Madina, amma abin kunya, abin da na sani na Jidda bai wuce filin jirgi da abin da ido ke hangowa ta tagar mota ba. Hutun tsakiyar shekara ya matso, na yanke shawarar in hau jirgin ƙasa na Haramaini in sauka a tashar Sulaimaniyya. Jaka ɗaya a baya, kaya kala biyu, gorar ruwa da caja, shi ke nan. So nake in yi kwana uku ina taka garin da sawuna, unguwa bayan unguwa, in ci abin da mutanen gari ke ci a bakin titi. Wani abokin karatuna ɗan Indunusiya ya yi haka a Alƙahira, ya ce mini mutum bai san gari ba sai ƙafarsa ta yi bororo a cikinsa. Kuɗina kuɗin ɗalibi ne, kun dai gane. Ta ina zan fara? Ina zan kwana da araha? Kuma me zan ci wanda in ban ci ba kamar ban je Jidda ba?

Baba_Direba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, wa ya ɓata maka rai har za ka hukunta ƙafafunka haka? Shekara 26 ina tuƙi a garin nan. Jidda ba a gina ta don mai tafiyar ƙasa ba. Gari ne dogo, ya miƙe a bakin teku kamar maciji ya sha rana. Daga Balad, tsohon garin, zuwa Masallacin Rahma, wancan da ke kan ruwa, ka doshi kilomita 20, Abhur kuma ta fi haka nisa. Akwai titin da in ka tsaya gefe ɗaya kana kallon shagon da kake nema a ɗaya gefen, sai ka yi rabin awa kana neman gadar tsallakawa. In ka iso ka kira ni, in zagaya da kai a mota yini ɗaya, ka sa mai kawai.

Ummu_Sultan:
Baba ai har ka sare masa gwiwa tun bai ɗaura takalmi ba. Bar yaro ya ga duniya.

Muwallad_Jidda:
Maganar Baba gaskiya ce a kan arewacin gari, amma ban da Balad. Can ma motar ce ba ta da amfani, lungunan ba za su ɗauke ta ba. Ni a Jidda aka haife ni, kuma in ka tambaye ni cewa zan yi ka ba Balad yini guda cur, kada ka haɗa ta da komai.

Ka shiga ta Bab Makka da sassafe, bayan asuba, lokacin da masu tamis, gurasar nan mai faɗi, suka kunna tanda. Ka sayi tamis mai zafi da ful, wato dafaffen wake, a zuba maka man zaitun ko samin, wato man shanu, ka zauna ka ci a nan. Daga nan ka bi Suƙul Alawi ka gangara yamma. Za ka ratsa masu turare da masu kayan yaji da masu dabino da yadudduka, har ka ɓullo gaban Baitu Nasif. Gidan nan a shekarun 1870 aka gina shi, kuma a nan Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shigo Jidda a 1925. Ka lura da matakalar benen, faɗi gare ta kuma ba ta da tsayi, ana cewa don raƙumi ya iya hawa da kaya aka yi ta haka. A ƙofar gidan akwai wata tsohuwar bishiyar darbejiya, tsofaffin Jidda ma “gidan da ke da bishiya” suke ce wa gidan, saboda a da samun bishiya a garin sai an tona.

Amma abin da zai tsayar da kai shi ne rawashin, tagogin katakon nan da suka turo kai daga bango, an sassaƙa su ƙananan ramuka. Na ciki yana ganin titi, iska na shiga, na waje ba ya ganin kowa. Bangon kuma da dutsen murjani na teku aka yi shi, ka sa hannu ka shafa inda farar ƙasar ta ɓare za ka ga zanen halittun ruwa a jiki. Unguwanni huɗu ne a tsohon garin: Haratush Sham, Haratul Mazlum, Haratul Yaman da Haratul Bahar. Ka yi azahar a Masallacin Shafi'i da ke Mazlum. A 2014 UNESCO ta saka Balad cikin wuraren tarihi na duniya, tun daga nan ake ta gyara, wasu gidajen za ka tarar an kewaye su da ƙarafa.

Sakkwatanci_Zalla:
Mi a darbejiya kuma? Dogonyaro dai. Kanawa kun ɓata muna Hausa har Makka.

Muwallad_Jidda:
Yaya Basakkwace, ni da ban taɓa taka Kano ba ma an jingina mini laifinsu. Haka na ji mahaifiyata tana faɗa.

Abu_Fatima_Riyad:
Ƙari a kan bayanin Muwallad: ƙofofin nan, Bab Makka da Bab Sharif da Bab Jadid, ragowar sunayen ganuwar garin ne. Ina jin a zamanin Sarki Faisal aka rushe ta.

Malam_Tarihi:
Gyara kaɗan, Abu Fatima. A 1947 aka rushe ganuwar, lokacin Sarki Abdul'aziz yana raye, Faisal bai hau mulki ba sai 1964. Kuma tunda mai tambaya ɗalibin ilimi ne, ya riƙe wannan: Sayyidina Usman ɗan Affan ne ya mayar da Jidda tashar jiragen ruwan Makka a shekara ta 26 bayan Hijira, kafin nan Shu'aiba ake amfani da ita. Wannan shi ne dalilin duk abin da za ka gani a faranti. Gari ne da alhazai suka yi ƙarnoni suna sauka, wasu guzuri ya ƙare, wasu suka yi aure, wasu suka ga wurin zama. Mutumin Bukhara ya zo da shinkafarsa da mantu, ƙulli mai nama a ciki, mutumin Hadramaut ya zo da mandi, shinkafa da nama, ɗan Jawa ya zo da nasa, Bahaushe ya zo da tsire.

Abu_Fatima_Riyad:
Na karɓi gyara, Malam. Allah ya ƙara ilimi.

Dan_Agadas:
Tunda an taɓo tsire, bari in faɗi abin da ke ci mini rai. Ranar farko da wani Balarabe abokin aikina ya ce zai kai ni in ci “siriye”, abincin Hijaz na gargajiya, na ɗauka wani sabon abu zan gani. Muna zuwa sai ga nama an barbaɗe shi da ƙuliƙuli da yaji, ga albasa a gefe, an naɗe a takarda. Na ce bawan Allah ai wannan tsire ne, ko sunan ma ba ku canza ba, “tsa” ɗin ce ta gagare ku. Ya rantse mini kakarsa ma ta ci shi tana yarinya. To ta ci mana, a hannun wa ta saya?

Ummu_Sultan:
Ai su ma sun sani. Duk Bahijaze mai gaskiya zai ce maka daga mutanenmu ya samo asali. Ni ban ga abin fushi ba, abin alfahari ne a ce abincinka ya zama na gari.

Dan_Agadas:
Hajiya, alfahari ne in ana ambaton mai shi. Amma a ci tsirenka da daddare a kira ka Takruni, sunan da suke kiran 'yan Afirka ta Yamma da shi, da safe, da irin muryar nan da kin sani, wannan fa?

Admin_Zaure:
Jama'a a yi hattara. Tambayar yawo da abinci aka yi.

Hajiya_Karantina:
Admin ka yi haƙuri, zan ɗan fita layi, amma maganar tana da alaƙa da tambayar yaron nan. Ɗana, ka ce kana so ka bi unguwa unguwa. Da a ce shekara biyar ko shida baya ka yi wannan tambayar, da na ce ka bar Balad wa Turawa masu kyamara, ka zo Karantina da Gulail da Sabil da Hindawiyya. Nan ne Jiddarmu take. A Karantina na yi aure, a nan na haifi 'ya'yana biyar. Sunan ma daga wurin killace alhazai saboda cuta ya samo asali, ka ga tun fil azal unguwar baƙi ce.

Bayan la'asar in ka shigo layinmu sai ka rantse Fagge kake. Ga mai ƙosai ta ɗora kasko, ga mai fura da ƙwaryarta an rufe da faifai, ga ƙamshin daddawa yana fitowa daga gidaje. Akwai wata tsohuwa 'yar Damagaram, Allah ya jiƙanta, tuwon shinkafa da miyar kuka take yi a tsakar gidanta, ba allo ba suna, amma direbobi daga tashar jirgin ruwa suke zuwa su yi layi. Idan ka ce ba ka da kuɗi sai ta ce zauna ka ci, wanda ya kawo ka ƙasar nan shi zai biya ni. Alhajin da ya ɓata, ko wanda aka yi wa sata, ko mara lafiyar da ba shi da kowa, unguwar nan ake kawo shi a tambaya ɗan wane gari ne, kafin magariba an samo masa mutanen garinsu.

Daga ƙarshen 2021 aka fara rusau. Sai ka wayi gari ka ga an fesa jan fenti a bangonka, an rubuta “ikhla”, wato a tashi. Mun kwashe abin da za mu iya, na bar turmina na icce da na taho da shi daga gida, don ba wurin sa shi a ɗakin da muka samu. Har yau in na tuna turmin nan sai in ji wani iri, alhali ga abubuwan da suka fi shi tsada da suka salwanta. Maƙwabtanmu kowa ya kama gabansa, wasu gabashin gari, wasu Bahra, wasu Makka, wasu sun koma gida gaba ɗaya. Bara jikana ya bi da ni ta wurin a mota, wallahi ban iya nuna inda ƙofarmu take ba, fili ne fetal.

Don haka in ka zo ka ga Balad, ka ga teku. Amma kada ka koma Madina ka ce ka ga inda Hausawan Jidda suke. Tuwo kuwa in kana so, sai dai ka zo gidana.

Dalibin_Madina:
Allahu Akbar. Mama, wallahi jikina ya yi sanyi. Na karɓi gayyata, zan turo miki saƙo ta akwati.

Injiniya_Sani:
Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Sai dai a faɗi gaskiya ta ɗaya ɓangaren ma. Na yi aikin wayoyin lantarki a wasu daga cikin unguwannin nan. Akwai lungun da in gobara ta tashi motar kashe wuta ba ta da hanyar shiga, ga ruwan kwata a titi, ga wayoyi a sarƙe kamar saƙar gizo. Ba a rasa dalilin taɓa su ba.

Hajiya_Karantina:
Injiniya ban musa maka ba, ni na zauna a cikin kwatar ai. Amma kai waya ka je gyarawa ka koma gidanka.

Injiniya_Sani:
Haka ne, Hajiya. Na yi shiru.

Dan_Mai_Wurno:
Ni Baba Direba nake so in tsokana. Baba kana cewa kilomita 20 ta yi wa ƙafa yawa? Kakan mahaifina da ƙafa ya taso daga ƙasar Sakkwato bayan yaƙin Burmi na 1903, ya ratsa Barno da Wadai da Darfur, ya zauna Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu ya yi noma har ya tara guzuri. Ɗansa ne ya ƙarasa Sawakin ya hau jirgin ruwa ya tsallako Jidda. Tafiyar da uba ya fara ɗa ya gama. Yanzu jikokinsu daga gida zuwa bagala, shagon unguwa, sai mun kunna mota.

Kuma Dalibi, in ka ga gidajen Balad ka tuna da Sawakin ɗinmu ta Sudan. Irin ginin ɗaya ne, dutsen murjani da rawashin, teku ce kawai ta raba su. Tamu ce dai ta ruguje ta zama kufai.

Baba_Direba:
Kakanka a daji ya yi tafiya, ɗan Sudan. Raƙumi ba ya gudun 120. Ka sa shi ya tsallaka Titin Madina da ƙarfe biyar na yamma mu gani.

Dan_Mai_Wurno:
Hahaha, Baba ka gama da ni.

Zee_Nurse:
Ni ta fannin lafiya zan yi magana. Sa'arka ɗaya, lokacin sanyi za ka zo. Da watan Agusta ne da na ce kada ka soma. Zafin Jidda ba irin na Madina ba ne. Na Madina busasshe ne, na nan kuwa danshin teku ne, kana fitowa daga wanka kana jiƙewa, gumin kuma ba ya bushewa balle jiki ya huce. Ko yanzu, daga sha ɗaya na safe zuwa la'asar ka nemi inuwa. Kuma ka sa takalmi mai rufi da safa, ba silifas ɗin ɗaliban jami'a ba. Maganar abokinka ta bororo, mu ne muke wanke bororon in ya ruɓe.

Abu na biyu, garin nan da dare yake rayuwa. In ka shiga Balad da tsakar rana za ka ce an yi gudun hijira. Bayan isha ne ake cika.

Abu_Fatima_Riyad:
Ba wanda ya amsa masa maganar masauki. Ƙananan otal da ɗakunan haya masu kayan ɗaki suna nan birjik a wajen Bab Makka da Bagadadiyya da Sharafiyya. Shawarata kada ka biya sai ka hau ka ga ɗakin da idonka. Na taɓa kama wani ta waya saboda hoton ya yi kyau, na iso ƙarfe ɗayan dare na tarar na'urar sanyaya ɗaki tana ƙara kamar injin markaɗe, iska kuwa babu, ga kuɗin cizo sun yi mini maraba. Na sauko na ce a canza mini, mai karɓar baƙin ya ce ɗaki ɗaya ya rage kuma shi ne wanda nake ciki. A kujerar falo na ƙarasa daren.

Askira_Boy:
Abu mafi muhimmanci kowa ya tsallake: igamarka, katin izinin zama a ƙasar. Kada ka kuskura ka taka ko'ina ba ita, ta katin da ta waya duka, kuma wayar da caji. Baƙar fata, jaka a baya, yana leƙa lunguna yana ɗaukar hoto, dole a tsayar da kai a tambaye ka. In takardunka sun cika minti biyu ne a ce ka tafi. Ni an taɓa tsare ni awa huɗu saboda na bar walat a wandon jiya, sai da kafilina, wanda ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, ya zo da kansa. Sannan ban da ɗaukar hoton mutane ba izini, musamman mata, laifi ne da ake cin tara a kai. Ginin hukuma da tashar jirgin ruwa ma ka kawar da kyamararka.

Ustaz_Abu_Hafs:
Ni tambayata ga ɗan uwa ita ce, wace fa'ida? Allah ya ajiye ka a birnin Manzo, sallah ɗaya a masallacinsa ta fi dubu a waninsa in ban da Masallacin Harami. Ka bar wannan ka tafi yawon cin ful? In hutu ka samu ga Umra nan, jirgin da za ka hau ma Makka ya nufa.

Dalibin_Madina:
Allah ya saka da alheri, Ustaz. Umrar tana cikin shiri, rana ta huɗu in sha Allahu zan wuce Makka. Amma ina ganin sanin yadda bayin Allah ke rayuwa shi ma karatu ne. Shekara uku ina ƙasar nan, daga ɗakin kwana sai aji sai Harami. Gobe in na koma gida aka tambaye ni yaya Hausawan Saudiyya suke, me zan ce?

Ustaz_Abu_Hafs:
To madalla. Abu ɗaya: za a nuna maka wata maƙabarta kusa da Balad a ce kabarin Nana Hauwa'u ne, har a ce daga nan sunan garin ya fito, wai “jadda”, kaka. Babu ingantaccen dalili a kai. Kada ka je neman tabarruki.

Malam_Tarihi:
Ba abin da zai gani ma, Ustaz. An rushe ƙubbar tun 1928. Maƙabarta ce kamar kowace.

Maman_Iman:
Kai, maza da son gardama. Yaro ya ce me zai ci, an kai shi Burmi an kai shi maƙabarta. Ƙanena saurara.

Safiya ɗaya ka ci ma'asub. Ayaba ce ake dakawa da gurasar alkama a cikin akushin katako, a zuba zuma da samin da gishɗa, wato kirim ɗin madara. Ka sayi ƙarami, kar ka ga kamar kaɗan ne, in ka cinye babba ba inda za ka sai barci. Da yamma ka nemi mai muɗabbaƙ, ka tsaya ka kalli yadda yake wurga ƙullin a kan marmara har ya zama kamar takarda, ya zuba niƙaƙƙen nama da ƙwai da ganyen kurrat mai kama da na albasa, ya ninke ya soya a faranti. A matsa lemon tsami, a ci da ɗanyen barkono. Kallon ma rabin daɗin ne.

Amma babbar rana ita ce ta kifi. Ka je babbar kasuwar kifi, Bangala, tana bakin teku yamma da Balad, da ƙafa ma za ka iya. Da sassafe ake zuwa. Ka zaga tukuna kada ka saya a teburin farko. Najil shi ne sarki, ja ne mai ɗigo ɗigo, amma ba na aljihun ɗalibi ba ne, ka gaishe shi ka wuce. Ka nemi sha'ur ko harid. Ka duba idon kifin ya zama garau, ka ɗaga kunnen ka ga ja ne. In ka saya akwai masu gyarawa a gefe, ka ba su ɗan abin da ake bayarwa su fere su yanka, sannan ka kai wa masu suya. Ka ce a haɗa maka da shinkafar sayadiyya, mai launin ƙasa ƙasa saboda albasar da aka soya ta yi duhu, da miyar humar. Humar ɗin nan tsamiya ce, kar sunan ya ruɗe ka. Ka zauna a ƙasa ka ci da hannu.

Balila, wani dafaffen wake, da sobiya, abin sha mai sanyi, kuwa sun fi armashi da azumi, lokacin da masu sayarwa ke cika Balad suna waƙar talla. Amma ba za ka rasa ba ko yanzu.

Dan_Agadas:
Maman Iman ta manta kibda. Hanta da safe a Bab Makka, ana soyawa a gabanka.

Kano_Jidda_Aunty:
Duk wannan dogon bayani ba wanda ya ce Al Baik? Ni in na sauka Jidda sarin kaya, kafin in je Bab Sharif sai na fara cin kazar nan da tafarnuwarta. Har gida nake kai wa yara a jaka.

Muwallad_Jidda:
Anti ai akwai Al Baik a Madina, ba sai ya zo Jidda ba. Amma dai ɗan garinmu ne, a nan aka fara shi a 1974.

Kano_Jidda_Aunty:
Na Jidda ya fi daɗi, kar ka musa mini.

Baba_Direba:
Tunda yaron ya ƙi jin magana, ga yadda zai yi ya tsira da ƙafarsa. Jidda ba ta da jirgin cikin gari irin wanda aka buɗe a Riyad a ƙarshen 2024. Akwai bas, amma sai ka yi haƙurin jira. Ka raba garin gida uku. Balad da kasuwar kifi, ƙafa. Daga nan ka hau mota zuwa bakin teku na Hamra da yamma, ka taka yadda kake so, ka jira a kunna fawwarar Sarki Fahad. Ruwan teku take harbawa sama, ya haura mita 300, in iska ta juyo har gishiri za ka ji a leɓenka. Rana ta uku ka sake hawa mota zuwa sabon kornish, wurin shaƙatawa na bakin teku, na arewa, can an yi hanyar masu tafiya da ƙafa mai kyau, ka yi magariba a Masallacin Rahma. Tsakanin waɗannan ukun kada ka yi taurin kai.

Kuma in ka ga hadari ya haɗu ka nemi wuri mai tudu ka zauna, ban da bin ƙarƙashin gada. Ranar 25 ga Nuwamba 2009, alhazai na fita Mina, ina kan hanya aka yi ruwan nan da ya ci mutum sama da 100. Na ga motoci a kan juna a unguwar Guwaiza kamar an zubar da kwanuka. Lokacin sanyi ne ruwan Jidda ke zuwa.

Dan_Mai_Wurno:
Wato dai Baba ya yarda a yi tafiyar ƙafa, amma a cikin mota.

Dalibin_Madina:
Jama'a na dawo, ga rahoto a taƙaice. Na yi kwana uku kamar yadda na ce. Balad ta cinye mini yini ɗaya da rabi. Na ɓata sau uku a lungunan Haratul Yaman, na uku wani dattijo Bayamane mai sayar da zuma ya rufe shagonsa ya raka ni har bakin masallaci. Bishiyar tana nan, na zauna a ƙarƙashinta, kyanwoyi sun fi mutane yawa a wurin. A kasuwar kifi na manta shawarar Maman Iman na saya a teburin farko, na ƙara gaba kaɗan na ga irinsa da rahusa, raina ya ɓaci amma sayadiyyar ta wanke.

Na yi wa Baba taurin kai sau ɗaya. Na ce daga Balad zuwa Hamra ai kusa ne a taswira, bari in taka. Hanyar masu ƙafa ta ƙare mini a tsakiyar wata gada, motoci na wucewa kamar za su ɗauke ni, na juyo da baya na tari tasi. Direban ɗan Fakistan yana ta dariya.

An tsayar da ni sau ɗaya, na nuna igama, jami'in ya ga ɗalibin Madina ne ya ce in yi masa addu'a. Daren ƙarshe na je gidan Mama Hajiya, tuwon shinkafa miyar kuka da man shanu, na ci har na ji kunya. Jikanta ya kai ni inda Karantina take, mun tsaya mun duba, ban ɗauki hoto ba.

Ko na san Jidda yanzu? Gaskiya ban sani ba. Bororo dai na samu guda biyu.

Baba_Direba:
Na faɗa maka ai. Da ka sa mini mai da yanzu ƙafarka lafiya lau.

Muwallad_Jidda:
Yini ɗaya da rabi a Balad kuma ka ce ba ka san Jidda ba? Akwai waɗanda aka haifa a arewacin garin nan da ba su taɓa shiga Haratul Yaman ba.

Dan_Agadas:
Tsiren fa? Ka ci ko ba ka ci ba?

Dalibin_Madina:
Na nema ban samu ba, Yaya. Wanda aka kwatanta mini an ce ya tashi tun lokacin rusau, ba wanda ya san inda ya koma.

Zee_Nurse:
Kada ka fasa bororon da allura. Ka wanke ka rufe, zai sace da kansa.

Hajiya_Karantina:
Ɗana ka bar cajarka a jikin bango a falo. Kuma kular da na zuba maka dambu ta tafiya, ta maƙwabciyata ce, in za ka dawo daga Makka ka biyo da ita.